Bangon talabijin mai murhun lantarki a falo: daga ina ake farawa?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sana'a na wannan zaure. Ina so in haɗa bangon talabijin a falo da hannuna, irin wanda ake tayar da firam a gaban bangon gini, a bar gurbin talabijin a sama, a ƙasa kuma a saka murhun lantarkin nan mai nuna harshen wuta a bayan gilashi. Faɗin bangon mita 4 da santimita 20, tsayi mita 3 zuwa silin POP. Ginin bulo ne, ƙasa tayil. Talabijin ɗin inci 65 ne. Murhun ban saya ba tukuna, niyyata in gama firam a wannan watan, murhu ya biyo baya kafin sanyi ya shigo. Ina da zarto, injin huda bango da lebur. Katako nawa zan yanko, kuma wane allo ya fi?

Kafintan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, juya tsarin naka. Murhu ake fara saye, a kwance shi daga kwali, a auna shi da tef, sannan a taɓa katako. Abin da mai shago zai ce maka inci 60 faɗin fuskar gilashi ne. Akwatin da zai shige cikin gurbi ya fi haka ƙanƙanta, kuma kowane kamfani da nasa awon. Wani zurfinsa santimita 13, wani 18, masu gilashi ta ɓangare uku suna kaiwa 30. Zurfin murhun shi ne zai yanke zurfin bangon gaba ɗaya. In ka riga ka rufe firam sannan murhu ya zo ya fi gurbi da santimita 2, sai ka ɓalle allo ka yanke ginshiƙi, aikin kuma ba ya komawa daidai.

Abu na biyu da za ka duba tun a shago: ta ina yake fitar da zafi, ta ina yake shan iska. Wanda za a binne a bango dole ya zama mai fitarwa ta gaba. Akwai waɗanda aka yi don ratayewa a fuskar bango, suna hura zafi ta sama ko ta ƙasan akwati. Irin wannan in ka cusa shi a gurbi, cikin firam ɗinka zai riƙa hura wa zafi.

Baban Yara Gyallesu: Ni tambayata kafin a yi nisa, ina amfanin hita a Zariya? Sanyin namu daga Disamba ne zuwa farkon Fabrairu. Daga Maris kuwa kowa fanka yake nema. A kashe kuɗi a kan abin da zai yi aiki wata biyu a shekara?

Hajiya Mai Adon Ɗaki: Alhaji, murhun abu biyu ne a akwati ɗaya. Harshen wutar da ake gani ƙananan fitilun LED ne da ɗan moto mai juya sandar da ke wulga haske a kan gilashi. Wannan ba ya fitar da zafi, ana kunna shi shi kaɗai duk shekara, yawancinsu ma ana sauya launin zuwa shuɗi lokacin bazara. Hitar kuma daban take da nata maɓallin. Wata biyun nan da ka raina, ka tuna me ake yi a gidaje da yawa idan hunturu ya tsananta: kaskon gawayi ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ba a ganin ta, tana kashe mutum yana barci. Gidan da akwai tsoho ko mai jego, hitar lantarki ta fi kasko nesa ba kusa ba.

Baban Yara Gyallesu: Wannan gaskiya ne Hajiya, na karɓa. Sai dai kuɗin wuta.

Injiniya Mai Wayarin Samaru: Bari in ba da lissafin, don a nan ne mutane suke ruɗuwa. Yawancin masu 220V zuwa 240V da ke shigowa kasuwarmu hitarsu mataki biyu ce, ko 900W da 1800W, ko 1000W da 2000W. A matakin sama yunit 2 kenan kowace awa a mita. Awa 3 da dare, yunit 6. Wanda ke layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 a ƙarin watan Afrilun 2024, ya san abin da zai fita a dare ɗaya. Hasken wutar kaɗai kuwa bai wuce 'yan wat goma-goma ba, yunit ɗaya zai kai shi kwanaki.

Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Ɗan Tudun Wada, ka ɗauka a ranka cewa abin da za ka binne a cikin katako da allo kaya ne mai cin 2000W na awanni a jere. A 230V wannan kusan 8.7A ne. Dutsen guga ma yana cin wuta sosai, amma shi yana ɗaukewa yana dawowa, kuma a fili yake kana ganin wayarsa. Wannan a ɓoye yake. Saboda haka ka ja masa layinsa shi kaɗai daga akwatin bireka: waya 2.5mm ta jan ƙarfe, guda uku har da atin, cikin fayif ɗin PVC na 20mm, a kan bireka 16A ko 20A. Kada a ɗauko masa wuta daga soket ɗin talabijin, kada a haɗa shi da wayar fitilu ta 1.5mm, kada kuma a kusantar da shi da ekstenshan ko da na kwana ɗaya ne. Ekstenshan ɗin kasuwa wayar cikinsa siririya ce, bakin da fulogi ke shiga kuma yana saki. Inda haɗi ya saki nan zafi ke taruwa, roba ta narke, a bayan allo inda ba mai gani sai wari ya fito.

Ka sa makunni mai yanke layi biyu, irin 20A da ake sa wa AC da hitar wanka, a gefen bangon inda hannu ke kaiwa ba tare da an ciro murhu ba. In gidan ba shi da RCD mai 30mA, na'urar da ke yanke wuta idan ta yoyo ko ta kama mutum, a akwatin bireka, wannan dama ce a sa. Jikin murhun ƙarfe ne, yara kuma za su taɓa shi.

Firam da fenti ka yi da hannunka, babu laifi. Haɗa layi a akwatin bireka ka kira mai wayarin da ya san aiki, in da hali mai shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin lantarki.

Ɗan Tudun Wada: Na gode Injiniya. Wayar fa, ta yaya zan gane ta ƙwarai? Kuma falon yana kan inbata, batir biyu 200Ah.

Injiniya Mai Wayarin Samaru: Ka feƙe bakin wayar ka kankare da wuƙa. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ce. In ka kankare ka ga fari, alminiyam ne aka shafa wa ja, ka ajiye musu kayansu. Ka nemi ta kamfanonin gida da aka sani, irin su Coleman, Cutix, Nigerchin ko Kabelmetal, ka saya a wurin dillalin da zai ba ka rasit, don su ma ana kwaikwayon kwalinsu. Maganar inbata na bar wa mai ita.

Mai Sola PZ: Kada murhun ya hau inbata, Malam. Batir biyu 12V 200Ah a takarda yunit 4.8 ne, amma wanda za ka ci ba ka kashe batir ba rabin haka ne, wajen 2.4. Hita 2000W za ta shanye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, tana jan sama da 80A daga batir a tsarin 24V. In inbatar 1.5kVA ce ma ba za ta ɗauka ba, kashe kanta za ta yi nan take. Na san abin da za ka ce, wai hasken kaɗai za ka kunna idan an ɗauke wuta. Matsalar ita ce fulogi ɗaya ne ke ciyar da haske da hita, rimot kuma yana hannun yara. Sai dai in ka samu irin wanda ke da maɓallin kulle hita a jikinsa, akwai su amma ba duka ba. In babu, layin murhu ya tafi ɓangaren da AC da dutsen guga suke. Talabijin, dikoda da fitilun ado su zauna a kan inbata. Layi biyu kenan za su shiga bangon, ka yi musu alama kada watarana a gauraya. Ƙaramin janaretan nan mai ƙasa da 1000W shi ma ba ya cikin lissafi.

Mai Gyaran Lantarki Kongo: In ƙara a kan na Injiniya, abu uku daga teburin gyara.

Na gwanjo da ake kawowa daga Amurka 120V ne, galibi 1500W. Ka duba farantin bayansa kafin ka biya. In aka soka shi a 230V, ƙarfin da zai bi ta cikin hitar ya ninka fiye da sau uku da rabi, allon cikinsa kuma ƙonewa zai yi kafin ka ɗauke hannu. Tiransifomar rage wuta da za ta ɗauke shi sai mai 3000W, mai nauyi da zafi, ba abin ɓoyewa a cikin bango ba ce. Ka bar shi kawai.

Sai raunin wuta. In wuta ta faɗo zuwa 180V, hitar 2000W ba za ta ba da abin da ya wuce wajen 1200W ba, fankar ciki kuma ta rage gudu. Mutum ya ga ba ya jin ɗumi ya ɗauka murhu ya lalace, alhali wutar ce. In unguwarku haka take, sitabilaiza 5000VA a layin murhun, a ajiye ta a fili kusa da akwatin bireka.

Na ukun shi ne wanda nake roƙon kowa ya riƙe. Idan ka kashe hita da rimot, yawancinsu fanka tana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci don ta fitar da sauran zafi. Idan aka ɗauke wuta tana tsaka da aiki, fanka ta tsaya cak, zafin ya zauna a akwatin. Shi ya sa abin da ke kewaye da gurbin bai kamata ya zama mai kama wuta ba. Sannan masu makunnin hannu, in aka dawo da wuta ƙarfe biyun dare tashi suke su ci gaba da aiki ba kowa a falo. Da an ɗauke wuta a kashe makunnin bangon nan da Injiniya ya faɗa. A koya wa duk mutanen gida.

Kafintan Sabon Gari: Madalla. Yanzu mu dawo firam. Da murhu inci 60, wato kusan santimita 152, da talabijin inci 65 mai faɗin kusan 145 da tsayi 83, ni zan ce ka yi tsakiyar bangon faɗin mita 2, tsayi mita 2 da 40. Kada ka kai shi silin. Dalili biyu: allo tsayinsa kenan, ba sai ka yi haɗi ba, sannan POP ba abin da ake ɗaure kaya a jikinsa ba ne, inda suka haɗu da firam tsagewa yake yi.

Katako 2x3 mai ƙafa 12. Firam biyu za ka yi, na baya da ke manne da bulo da na gaba, a haɗa su da gajerun guntaye daidai zurfin da kake so. Kowanne ginshiƙi 4 a tsaye, biyu a kowane gefe, da na kwance 6: ƙasa, ƙarƙashin murhu, saman murhu, ƙarƙashin talabijin, samansa, da can ƙoli. Duk inda fili ya yi faɗi ka sa ƙaramin ginshiƙi kowane santimita 40. Lissafin yana kamawa katako 15, ka sayi 17 don za ka samu karkatattu. Na saman gurbin murhu ka ninka shi biyu, domin murhun bai kamata ya ɗauki nauyin komai ba, zura shi kawai ake yi kamar aljihun tebur. Gurbin ya fi akwatin da milimita 5 ta kowane gefe. Da sukuru za ka haɗa, mai inci 3 ko 4, ban da ƙusa. Ƙusa tana saki idan katako ya bushe.

Bushewar nan ita ce babbar magana a garin nan. Katakon da ke layin 'yan katako da damina ɗanye ne, daga kudu yake zuwa da ruwansa. Ka haɗa firam da shi a watan Satumba, hunturu na kaɗawa ya tsuke ya murɗe, duk haɗin allo ya tsage. Ka sa a goge maka shi a inji, ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, mako 2 zuwa 3. Sannan ka shafe shi da Solignum, maganin gara na katako, ta kowace fuska, musamman bakin da ka yanka, a waje, ya sha iska wari ya fita. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi kada ya shigo falo, ga wari ga shi abincin wuta. Katakon ƙasa kada ya zauna kai tsaye a kan tayil, ka shimfiɗa masa leda mai kauri irin ta fandesho.

Mai Walda Kwangila: Baba Kafinta, da girmamawa, ni a Zariya ba zan ba mutum shawarar binne katako a inda ido ba ya kaiwa ba. Gara ba ta buƙatar komai sai tsagar da ke tsakanin tayil da bango. Magani yana ƙarewa da shekaru, ita kuwa ba ta gajiya, sai ranar da aka ga hanyar ƙasa ta fito ta bayan talabijin. Fayif mai kusurwa huɗu 25x25mm, kaurin 1.2 zuwa 1.5mm, ya ishi wannan aikin, a sa 40x40 a ginshiƙan da za su ɗauki talabijin. Ba ya murɗewa, ba ya ci da wuta. A yi waldar a waje gida-gida, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a shigo da shi a ɗaure da noti. Kada a yi walda a kan tayil, tartsatsi yana barin tabon da ba ya fita. Allo kuma da sukuru mai huda ƙarfe da kansa ake kama shi.

Kafintan Sabon Gari: Ban ƙi taka ba. Amma yaron nan cewa ya yi da hannunsa zai yi, zarto gare shi ba injin walda ba. In kuma awo ya kuskure da santimita ɗaya, katako ana gyara shi a wurin, ƙarfe sai an koma da shi gareji.

Mai POP Ɗanmagaji: Akwai hanya ta tsakiya. Siririn ƙarfen galbanaiz da muke kafa allon jibsam da shi, mai siffar U na kwance da mai siffar C na tsaye. Da almakashin kwano ake yanka shi, da sukuru ake haɗawa, gara ba ta ci, mutum ɗaya zai iya. Rauninsa shi ne shi kaɗai ba ya ɗaukar talabijin, sai an ƙara masa filawud ko a ɗaure hangar talabijin a bulo.

Injiniya Mai Wayarin Samaru: Duk wanda ya zaɓi ƙarfe, ko na walda ko na jibsam, a ɗaure wayar atin a jikin firam ɗin da noti. Duk ramin da waya za ta ratsa a sa mata fayif, bakin ƙarfe yana yanka rigar waya.

Ɗan Tudun Wada: Ina ganin katako zan bi saboda kayan aikin da nake da su, in kiyaye sharuɗɗan Baba. Yaya zan ɗaure shi a bango? Na ga ana sayar da manyan notin nan masu buɗewa a cikin rami.

Mai POP Ɗanmagaji: Waɗannan na kankare ne. Bulonmu mai rami ne, fatarsa ba kauri, wani ma yashi ya fi siminti yawa. Kana ɗaure notin yana buɗewa sai ya farfasa bulon ta ciki, ka ji yana juyawa ba ya kamawa. Ka nemi doguwar fisha ta roba 10mm da sukurunta mai tsawon santimita 10 zuwa 12. Ka ƙwanƙwasa bango ka nemi inda sauti ya toshe, nan ne cikin bulo yake a cike ko layin siminti. Ka fara huda ba tare da hamar injin ba har ka wuce filasta. Kowane ginshiƙin baya fisha 4 ko 5. Bango da wuya ya zama a miƙe, saboda haka kada ka matse katako ya bi karkatar filasta, ka cusa 'yan siraran filawud a baya har lebur ya nuna daidai.

Kafin duk wannan ka gwada laima. Ka manna leda mai faɗin taku ɗaya a ƙasan bangon, ka rufe gefunan da salatif, ka bar ta kwana 2. In ka ɗaga ka ga gumi ko filasta ta yi duhu, bangon yana shan ruwa daga ƙasa ko daga waje, a gyara wannan tukuna. In ka rufe laima da allo, fumfuna za ta cika wurin.

Ga masu karatu da ke cikin birni, wajen Kwarbai da makamantansu inda ginin ƙasa ne aka yi wa filastar siminti: fisha ba ta kama jar ƙasa. A yi firam mai tsayawa da ƙafarsa, gindi mai faɗi, a ɗaure shi a daɓen ƙasa, talabijin ya hau firam ɗin. Haka ma ɗan haya, ya yi shi gida uku da za a iya kwancewa, ya kuma nemi izinin mai gida kafin a ja sabon layi.

Allo kuma, jibsam 12mm guda 4 za su isa har da na kuskure. Kewayen gurbin murhu, ciki da bakinsa na sama, ka sa allon siminti. Sukuru 32mm kowane santimita 20 zuwa 25, kansa ya ɗan nutse amma kada ya yaga takardar. Ka ɗaga allo daga tayil da santimita 1 saboda ruwan mofa, sikatin zai rufe. Wurin da ya fi tsagewa shi ne kusurwar gurbi, don haka kada haɗin allo biyu ya faɗo daidai kusurwa, ka yanka allon ya zagaye ta. Tef na raga a kowane haɗi, ƙarfen kusurwa a kowane baki, shafi uku sirara kowanne ya bushe kafin na gaba, a goge, sannan fenti.

Hajiya Mai Adon Ɗaki: Ɗana, tunda an zo kan fuska, ga abin da zan ce. Yanzu kowa allon roba mai zanen mabul yake so, da sandunan WPC, haɗin roba da garin katako, masu tsaga-tsaga. Suna da kyau, amma roba ce, zafi yana lanƙwasa ta, gam ɗin baya kuma ya saki. A gefe da can sama babu matsala. Tsakanin bakin hita da talabijin kuwa a bar shi fenti a kan allon siminti, ko tayil na gaske. MDF, allon garin katako, ka ajiye shi don kantocin gefe, a rufe bakunansa duka, kada ya taɓa ƙasa. Araha ba ta ado a nan, MDF mara rufin baki damina ɗaya ke kumbura shi.

Sai tsayi, wanda hotunan intanet suke ɓatar da mutane a kai. Can inda aka ɗauki hotunan a kujera kawai ake zama. Mu nan rabin masu kallo a kan kafet suke, sun jingina da tumtum. Mai zama a kujera idonsa yana wajen santimita 105 zuwa 110 daga ƙasa, na kan kafet 70 zuwa 80. In murhu ya fara a santimita 15, tsayinsa 45, ya ƙare a 60. Tazara 25, talabijin ya fara a 85, tsakiyarsa ta faɗo wajen 126. Wannan ya riga ya ɗan haura, to ina ga wanda ya ɗaga murhu zuwa 40 don ya yi kyau a hoto? Ciwon wuya ne. Ka zaɓi murhu mai gajeren tsayi, ka sayi hanga mai sunkuyawa. Kafin ka yanka komai ka zana duka a bango da alli, ka zauna a kujera, ka zauna a ƙasa, ka kira mutanen gida su ma su duba.

Tunda murhun zai yi ƙasa, kafet, labule da filon kujera su ba shi mita 1 ta gaba idan hita na aiki. Gilashin ba ya zafi sosai, ragar da iska ke fita ita ce mai ƙona hannun mai rarrafe. Kada a shanya rigar makaranta a gabansa da asuba. Sannan iskar hunturu dama a bushe take, hita tana ƙara busar da ita, mai yawan haɓo ko tari zai ji a jikinsa. Matakin ƙasa ya ishi yawancin dare.

Mai Gyaran Lantarki Kongo: Tazara 25 ɗin da Hajiya ta ba da misali, ka duba littafin murhunka, in ya nemi fiye da haka nasa za ka bi. Yawancin talabijin an yi su su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba. Kafin ka rufe allo, ka zura murhu a firam, ka kunna matakin sama awa ɗaya, ka rataye ma'aunin zafi inda gindin talabijin zai zauna. In ya doshi 35, ƙara tazara ko ka sa ɗan kanta mai fitowa santimita 8 zuwa 10 a tsakani ya kauce da iskar. Gurbin talabijin ya fi shi da aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, sama ma 10 ya fi, don shi ma yana fitar da nasa zafin, a watan Afrilu kuwa ba sai an kunna hita ba.

Ɗan Tudun Wada: Hangar a ina zan ɗaure ta, tunda firam ya fito santimita 20 daga bulo?

Kafintan Sabon Gari: Filawud 18mm, mai kyau irin na marin, ka kafa shi a bayan gurbin a zurfin kaurin talabijin da hanga, galibi santimita 10 zuwa 12 daga fuska. Ka ɗaure shi a ginshiƙai ta gefe huɗu da ƙarin katako biyu a bayansa. Hanga ta hau da noti mai ratsawa da wosha ta baya, ban da ƙananan sukuru. Inci 65 yana kai kilo 20 ko sama da haka. Jibsam kaɗai ba a rataye masa komai.

Mai Walda Kwangila: In kuma hanga mai hannu ce da ake jawowa gaba, a bulo za ta hau kai tsaye. Idan aka miƙe hannun, nauyin yana fizgar notin sama da ƙarfi, filawud a kan katako zai gaji.

Injiniya Mai Wayarin Samaru: Kada a manta da ɓera. Ramin da ke bayan allo duhu ne da ɗumi, gida ne gare shi, kuma rigar waya yake ci. Ba wayar da za ta tafi tsirara. Ta HDMI da ta dish ka sa musu fayif ɗin ruwa inci 2 daga bayan talabijin zuwa kantar dikoda, da lanƙwasa mai faɗi don kan HDMI ya wuce, ka bar igiya a ciki ta jawo wata waya nan gaba. Su yi nesa da wayar wuta. Duk ramin shan iska a rufe shi da ragar ƙarfe, gindin firam a toshe da silikon. Soket biyu-biyu a bayan talabijin, a gefen hanga ba a ƙarƙashinta ba, wasu kuma a kantar dikoda. Dikoda, ko DStv ce ko StarTimes ko ta kyauta, tana son kanta mai zurfin santimita 30 a buɗe, don rimot ya gan ta kuma ta sha iska.

Fitilar ado mai kama da tef, in za ta wuce mita 5 ka ɗauki 24V, don 12V ƙarshenta dishewa yake yi. Mai cin 14.4W a mita, nadi ɗaya 72W kenan, adaftarta ta zama 100W. Adaftar ita ke fara mutuwa, saboda haka a kan kantar dikoda za ta zauna inda za a iya canza ta.

Mai Gyaran Lantarki Kongo: Ƙura ma a sa ta a tsari tun yanzu. Lokacin da ake kunna hitar shi ne lokacin da ƙurar hunturu ta fi yawa, fankar kuma zuƙo ta take yi. In ragar shan iska ta toshe, murhu zai yi 'yan mintuna ya kashe kansa. Na'urar kariya daga zafi ce ta yi aikinta. A kashe daga bango, a bar shi ya huce minti 15 ko fiye, a share ragar da burushi ko injin zuƙar ƙura. Ƙarar ƙiƙi-ƙiƙi kuma sandar harshen wuta ce ta bushe. Duka biyun sai an ciro gilashi ko akwatin, don haka kada a shafe bakinsa da POP, kada a manne shi da silikon. Sukurun da ya zo da su kawai, kuma wayarsa ta yi rarar da za a jawo shi waje ba a tsinke ta ba.

Baban Yara Gyallesu: To a ranar farko in aka ji wari fa?

Mai Gyaran Lantarki Kongo: Warin sabon ƙarfe da ƙura na ɗan lokaci a kunnawar farko, ko a farkon kowane sanyi, ba komai ba ne Alhaji, a buɗe taga. Warin roba mai kama da na kifi daban ne, wannan soket ko haɗin waya ne ke narkewa. A kashe bireka, kada a sake kunnawa sai an buɗe an gani. Bayan awa ɗaya na aiki a taɓa fulogi da makunni. Ɗan ɗumi ba laifi, in hannu ba ya iya zama a kai akwai haɗin da ya saki.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri, iyayena. Gobe zan manna ledar gwajin laima in je neman murhun. Tambaya ta ƙarshe Baba Kafinta: katakon in saya yanzu ya fara bushewa, ko shi ma in jira?

Kafintan Sabon Gari: Amin. Shi saya yanzu, bushewa ba ta jiran awo. Yankawa ce kawai za ka dakata da ita. Wajen zaɓe ka ɗaga kowanne ka leƙa tsawonsa da ido ɗaya, mai baka ko murɗiya ka mayar, mai ƙananan ramuka da gari na zuba ƙwaro ne a ciki. In murhun ya iso ka turo mana awon akwatin ta baya, faɗi, tsayi da zurfi, da hoton shafin littafin da ya nuna tazara, sai in fitar maka da tsawon kowane yanka.